Tambayoyinku: Me ke cikin bokitin fentin da aka rubuta wa "nano"?

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, batun fenti ne da 'yan ƙwayoyin nan da ido ba ya gani waɗanda ake haɗa roba da ma'adini a cikinsu, shi yasa na tara su wuri guda. Masu tambaya kan batirin sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni sana'ata fenti ce kuma na daɗe a cikinta. Yanzu sai in ga bokitin imolshan an rubuta masa nano silika ko haibirid, dillalai sai zuzuta shi suke wai ba ya kama ƙura kuma ba ya tsagewa. Da gaske akwai wani abu a ciki ko dai salon cin kuɗin mutane ne kawai? Daga wani mai fenti.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Akwai abu a ciki, sai dai ba kowane bokitin da aka liƙa wa sunan ne yake da abin ba.

Imolshan ɗin da kake shafawa kullum, in ka cire launi da farar hoda, abin da ya saura ruwa ne da ƙananan ƙwayoyin roba suna yawo a cikinsa, shi ake kira lateks. Ba narkewa suka yi ba fa, yawo kawai suke, kuma ƙanƙantarsu ta wuce tunani, yawanci nanomita 100 zuwa 300 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, shi ne nano ɗin da ake rubutawa) alhali kaurin gashin kan mutum guda ɗaya ya kai wajen nanomita 70,000. Robar kuma ba ta bishiya ba ce, a masana'anta ake haɗa ta, akirilik ne ko sitairin da akirilik ko binil asiteit. Yaƙin duniya na biyu ne ya tunzura wannan fasahar, da Japan ta kame gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya a 1942 sai Amurka ta duƙufa haɗa roba a cikin ruwa saboda tayoyin mota da na jirgi, da yaƙi ya ƙare aka juya ilimin wajen fenti, kamfanin Glidden ya fito da fentin lateks a 1948, Rohm and Haas kuma suka kawo na akirilik a 1953.

In ka shafa shi a bango ruwan ya fara tashi, ƙwayoyin sai su matso su jeru, su matse juna har su lotsa, daga nan zaren polima, wato dogayen zaren sinadarin da robar ta ƙunsa, na wannan ƙwaya ya kutsa cikin na waccan su zama fata guda. Toh a nan ciwon kan yake, kuma kai ka fi ni saninsa a aikace. In robar mai laushi ce za ta haɗe lafiya lau, amma da rana ta gasa bangon sai ta ɗan yi danƙo, ƙura ta manne ta nutse a ciki, ruwan sama ya yi ta duka ba ta fita. In mai tauri ce kuma ƙwayoyin su ƙi haɗewa, fenti ya tsattsage ko ka shafa hannu ka ga gari. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a ɗauki roba mai tauri a zuba mata wani sinadari da zai laushe ta na ɗan lokaci sannan ya tashi ya bi iska, wani ɓangare na warin nan da ke zama a ɗaki kwana da kwanaki daga nan yake, kuma tun dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2004 aka matsa wa kamfanoni su rage shi.

Shi ne masana suka ce to me zai hana a bar robar da laushinta, a nemo taurin daga wani wuri. Aka ɗauko silika, wato sinadarin da yashi da gilas suke da shi, aka yi shi 'yan mitsi-mitsi kamar nanomita 10 zuwa 30, aka ɗaura shi a jikin kowace ƙwayar roba tun a tukunyar haɗi, wannan haɗin ne ake kira haibirid. In fentin ya bushe silikar nan sai ta haɗa wani irin raga mai tauri a cikin fatar fentin, robar ta cike tsakani, kamar dai ƙashi da nama, ɗaya na riƙe tsayuwa ɗaya na ba da lanƙwasa. Fuskar bangon ba ta danƙo da zafi, kuma da yake silika na son ruwa, ruwan sama ba ya tsayawa ɗigo-ɗigo ya bar zane, shimfiɗuwa yake ya wanke ƙurar ya bushe da wuri, gansakuka ma ba ta samun damshin da take so. Kamfanin BASF na Jamus yana da irin wannan da ya sa wa suna Col.9, na fentin bangon waje, kuma ba tatsuniya ba ce.

Amma ni a ganina rubutun jikin bokiti ba hujja ba ne. Wani kamfanin hodar silika kawai zai barbaɗa a cikin fenti na yau da kullum ya buga nano da manyan baƙaƙe, wannan daban da wanda aka ɗaure silikar a jikin ƙwayar. Ka nemi takardar bayanin kayan ka ga me suka ce game da abin da ke riƙe fentin, in babu takarda ka samu allo biyu ka shafa sabon da wanda ka saba da shi ka jingine su waje inda rana da ƙura ke duka, bayan wata biyu uku allon zai ba ka amsa. Kuma duk kyawunsa ba ya maganin bangon da ke tsotson ruwa daga ƙasa, ko filastar da ba ta gama bushewa ba, ko yaran aiki da ke tsinka fenti da ruwa har ya koma tsululu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karanta kimiyyar sinadarai, an ba mu aiki kan wannan maudu'in amma abu ɗaya ya ƙi shiga kaina. Me yasa ba za a zuba garin silika ko yumɓu cikin lateks a juya kawai ba, sai an sha wannan wahalar ta haɗa su a ƙwaya ɗaya? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, tambayarki ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Ana zubawa a juya ɗin, kuma wani lokaci yana wadatarwa, amma ki yi lissafin nan. Silika mai faɗin nanomita 20, giram ɗaya tak in kika baje fuskokin ƙwayoyinsa za su rufe fiye da murabba'in mita 130. Abu mai fuska da yawa haka ba ya son zama shi kaɗai, da ya samu dama sai ya manne da ɗan'uwansa su dunƙule, kuma da sun dunƙule amfanin ƙanƙantar ya tafi, sun koma gari na kawai, fatar ta yi hazo ta yi rauni daidai wurin dunƙulen. Ƙari a kan haka silika da yumɓu da taitaniyam, wato farar hodar fenti, duk masu son ruwa ne, polima irin su polisitairin kuwa gudun ruwa suke, ba jituwa tsakaninsu. Ko kin raba su da kyau a cikin ruwa, lokacin bushewa ne suke cin amanarki, ruwan na janyewa kowa na komawa wajen danginsa. In kuwa kowace ƙwayar roba ta riga ta riƙe nata rabon na ma'adini to ba inda zai je.

Yadda ake ɗaura su kuma, wanda aka fi sani shi ne a nemo ɗan tsakani, wani sinadarin silen da ake taƙaita sunansa MPS, baki biyu gare shi, ɗaya ya kama fuskar silika ɗayan kuma ya shiga cikin zaren polima lokacin da yake tsirowa. Elodie Bourgeat-Lami a birnin Liyon na Faransa ta yi suna a wannan fannin tun shekarun 1990, kuma abin sha'awa shi ne yawan abin da kika shafa wa silikar yana canza siffar da za ta fito, in kaɗan ne robar ta tsiro ƙullutu-ƙullutu a jikinta, in ya wadata ta lulluɓe ta ruf. Silikar da ake irin wannan gwajin da ita galibi ta hanyar Stöber ake yinta, wadda aka wallafa a 1968, ana zuba sinadarin TEOS cikin alkohol da ruwa da amoniya sai ƙwayoyi su fito kusan girmansu ɗaya. Akwai kuma masu amfani da caji, silika a ruwa mai alkali cajinta negetif ne, in kika ba robar caji fozitif sai su jawo juna da kansu, Steven Armes a Ingila ya yi aiki sosai ta wannan ɓangaren da monoma, wato sinadarin da ake sarƙawa ya zama polima, irin binilfiridin mai kama silika.

Wadda ta fi burge ni ita ce tsohuwar cikinsu. Tun 1903 Walter Ramsden ya lura, a 1907 kuma Spencer Pickering ya rubuta, cewa garin abu mai tauri yana iya zama a kan iyakar mai da ruwa ya hana ɗigon mai haɗewa, ba sai da sabulu ba. Shi Pickering ma maganin feshin itatuwan lambu yake bincike a kai. Bayan kusan shekara ɗari aka dawo da dabarar, aka sa silika ko yumɓun Laponite, wanda faifai ne mai faɗin kamar nanomita 25 da kaurin nanomita 1, ya yi wa ƙwayar roba sulke ta waje, Stefan Bon na jami'ar Warwick yana cikin waɗanda suka yi wannan. Ribar ita ce an rabu da sinadarin sabulun da aka saba sawa a lateks don kada ƙwayoyin su dunƙule, wanda shi ne ke tasowa saman fenti ya jawo ruwa har ki ga bango ya yi fari-fari bayan ruwan sama.

In kuma so ake ma'adinin ya shige can ciki, sai miniimolshan, wanda Ugelstad da El-Aasser da Vanderhoff suka fara a jami'ar Lehigh ta Amurka a 1973. Ana shafe ma'adinin da abu mai maiƙo kamar asid ɗin oleyik don ya yarda ya zauna cikin monoma, a farfasa monomar da na'urar sauti mai ƙarfi ko matsi ta zama ɗigo-ɗigo na nanomita 50 zuwa 500, a sa ɗan heksadeken, wani irin mai ne, don kada ƙananan ɗigon su tsiyaye cikin manya, kowane ɗigo sai ya daskare ya zama ƙwaya da kayansa a ciki.

Ki saka wannan a aikinki don malamai na son ɗalibin da ya san inda abu ke ciwo: hoton da ake nunawa a takardun bincike mafi kyawun wurin ake zaɓa. A zahiri wasu ƙwayoyin fanko suke fitowa ba ma'adini ko ɗaya, wasu sun ɗebi da yawa, wani lokacin ma tukunyar gaba ɗaya ta guntse ta zama curi. Sannan a lab sau da yawa da ruwa tsululu ake aiki, daskararren abu kashi 10 ko 20 cikin ɗari, masana'anta kuwa kusan kashi 50 take nema don ba wanda zai yi dakon ruwa a tanka. Wannan ratar ce ta sa dabaru da yawa suka tsaya a takarda.

TAMBAYA: Malam wai yumɓu kuma me ya kawo shi cikin roba? Daga wani makaniki.

AMSA: Siffarsa ce ta kawo shi, ɗan'uwa. Yumɓun montmorilonait in aka ɓare shi falle-falle kowane falle kaurinsa wajen nanomita 1 ne, faɗinsa kuma ya ninka haka sau ɗaruruwa, in suka kwanta cikin roba iska ko tururi ba ya ratsawa kai tsaye sai ya yi ta kewaye. Masu binciken Toyota ne suka buɗe ƙofar a ƙarshen shekarun 1980 da nailan, yumɓun da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba ya ɗaga zafin da nailan ke jurewa kafin ya lanƙwashe daga digiri 65 zuwa kusan 150 a ma'aunin Selsiyos, har suka yi murfin bel ɗin taimin da shi, ka ga ya shigo layinku. A ɓangaren lateks kuma, a farkon shekarun 2000 kamfanin Wilson ya fito da ƙwallon tanis da aka shafe cikinta da robar butil haɗe da fallayen yumɓu don iskar ta daɗe ba ta sace ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, me yasa wani farin fentin hannu ɗaya ko biyu ya rufe bango, wani kuwa sai ka yi uku tsohon launi na leƙowa? Daga wani ɗan kwangilar gini.

AMSA: Tare da naka ran. Abin da ke rufe bango farar hodar taitaniyam dayoksaid ce, ita ke watsa haske ya dawo idonka kafin ya isa tsohon launin. Ƙarfin karya haskenta, wato ma'aunin yadda take lanƙwasa haske, wajen 2.7 ne, na roba 1.5, wannan tazarar ce sirrin, kuma ƙwayarta ta fi aiki in tana tsakanin nanomita 200 da 300. Da yake tana cikin kaya mafi tsada a bokitin, fenti mai araha rage ta yake ya cike da alli, amsar farko kenan. Ta biyu kuma ko an zuba da yawa, in ƙwayoyin suka cunkushe wuri ɗaya aikin biyu ko uku sai ya koma kamar na ɗaya. Nan haɗin da muke magana ya shigo, kamfanin Dow ya yi wani lateks mai suna Evoque wanda ƙwayoyinsa ke mannewa a jikin taitaniyam tun wajen dama fenti, su zagaye kowace ƙwaya su hana ta gogar 'yar'uwarta, sai a samu rufi iri ɗaya da hodar da aka rage da kusan kashi 20 cikin ɗari. A 2013 ya ci lambar yabon gwamnatin Amurka kan kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli.

TAMBAYA: Malam ina aiki a lab ɗin asibiti. Akwai wani ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da muke sawa a kwalbar gwaji, in mun jingina ta da maganaɗisu sai launin ya taru gefe guda ruwan ya washe, in mun cire kuma ya watse kamar ba a yi ba. Danginsu ɗaya da waɗannan? Daga wata ma'aikaciyar lab.

AMSA: Ƙwarai kuwa 'yar'uwa, a wajena ma su ne suka fi kowa cin nasara a dangin. Ugelstad ɗin nan da na ambata, John Ugelstad, farfesa ne a Trondheim ta ƙasar Nowe, shi ya gano yadda ake yin ƙwayoyin polisitairin masu girma ɗaya cif a shekarun 1970, daga baya aka cusa musu oksaid ɗin ƙarfe a cikin ramukansu aka rufe da wata fatar polima, su ne Dynabeads, akwai na maikiromita 1 da 2.8 da 4.5 (maikiromita ɗaya nanomita 1,000 ne). Abin da kika lura da shi na watsewa shi ne duk hikimar. Oksaid ɗin ƙarfe in girmansa bai wuce kamar nanomita 20 ba, yana amsa kiran maganaɗisu in yana kusa, da an janye shi kuma ya manta, ba ya riƙe komai. Da gundumemen ƙarfe ne a ciki da sun manne da juna har abada kin rasa kayan aiki. Amma ƙwaya ɗaya mai nanomita 10 jan da take samu kaɗan ne, sai ki wuni ba ta iso gefen kwalba ba, shi yasa ake tara dubbai a cikin ƙwayar roba guda, jan ya yi ƙarfi mantuwar kuma tana nan. Robar ta waje tana hana ƙarfen taɓa samfurin, kuma a jikinta ake ɗaura sinadaran garkuwar jiki da za su cafko irin ƙwayar halittar da ake nema daga cikin jini. Wasu da ake ciro DNA ko RNA da su kafin gwajin PCR silika ce a bayansu maimakon roba, to ki duba takardar kit ɗinku ki ga wanne ne.

TAMBAYA: Matata in ta sa safar hannu ta roba sai hannunta ya yi ƙaiƙayi ya kumbura, likita ya ce lateks ne. Yanzu za mu yi fenti, na ga an rubuta lateks a jikin bokitin ga kuma nano, ko akwai haɗari? Daga wani magidanci.

AMSA: Allah ya ba ta lafiya. Abin da ke tayar mata da ƙaiƙayin furotin ne da ke cikin ƙaron bishiyar roba, wadda asalinta daga Barazil take, lateks ɗin fenti kuwa na masana'anta ne ba shi da wannan furotin. Sai dai kada ka saki jiki gaba ɗaya, fentin ruwa ana sa masa maganin hana ruɓewa, dangin aisotayazolinon, kuma shi ma sananne ne wajen tayar da ƙaiƙayin fata, har ta iska a ɗakin da aka yi wa sabon fenti. In fatarta mai saurin kamuwa ce ku faɗa wa likitan, kuma ta ƙaurace wa ɗakin har ya sha iska sosai.

Batun nano kuma, silika ko taitaniyam da ke ɗaure cikin busasshen fenti ba tashi suke su shiga hanci ba, haɗarin yana wajen gari da feshi. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa taitaniyam dayoksaid a rukunin 2B a 2006, wato mai yiwuwa ya jawo kansa, kuma hujjar daga ɓeraye ne da aka shaƙa wa ƙurarsa mai yawa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan ci a 2022, wannan kuma maganar haɗiya ce ba ta bango ba. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai goge tsohon fenti da samfefa da mai fesawa da inji, su sa takunkumi na gaske mai tace ƙura ba ƙyalle ba, a jiƙa bangon kafin a goge, a share garin da tsumma mai ruwa maimakon tsintsiya. In tsohon gini ne sosai kuma a yi hattara da fentin mai na da, wani yana da dalma, ita ta fi duk waɗannan illa musamman ga yara. Ruwan wankin burushi da rola kuma kada a tuttular a magudana tunda ƙwayoyin roba ne a ciki, a bar shi a bokiti ya kwanta, a tsiyaye na saman, a bar na ƙasan ya bushe sannan a zubar da shi cikin shara.